Wace kalma za mu ba "busta" a rigakafin tarin shiƙa?

Mai tambaya:

Jama'a, a taimaka mini da kalma. Ina rubuta 'yar takardar wayar da kai don masu ciki da sababbin iyaye a kan rigakafin tarin shiƙa. Komai na tafiya daidai, sai da na iso kan kalmar nan da ma'aikatan lafiya ke cewa "busta", nan alƙalami ya cije.

Sunan cutar bai ba ni wahala ba. Tarin shiƙa, wasu su ce tarin lala. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya jero tari ba ƙaƙƙautawa har fuskarsa ta canza, idanu suka firfito, sannan ya zuƙo iska da wata ƙara mai tayar da hankali, ya kuma amayar da abin da ya ci, ba ya bukatar fassara. Rigakafi ma tamu ce tun kaka da kakanni. Busta ce baƙuwa.

Ga abin da ake nufi da ita. A tsarin da ƙasashe da yawa ke bi, ana yi wa jariri allura uku, yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Ingila tana yin tata a mako 8, 12 da 16, Amurka kuma a wata 2, 4 da 6. To kariyar da waɗannan ke bayarwa ba ta dawwama, tana dusashewa da shekaru. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sake yin wata tsakanin shekara 1 zuwa 6. Wannan ta baya ita ce busta. Haka kuma suke kiran wadda ake yi wa babba, har da mai ciki.

Da farko na rubuta "allurar ƙarin ƙarfi". Na karanta wa ƙanwata, cikinta wata shida. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ni ai ina shan maganin ƙarin jini, ƙarfina lafiya lau, me zan yi da wata allura?" Nan take na soke.

Wani malamin Hausa:

Ƙanwarka ta yi maka gyara kyauta. "Ƙarin ƙarfi" a kunnen Bahaushe magani ne na mai kasala, ko na wanda ya tashi daga jinya. Kai, akwai ma wata ma'anar da masu tallar magani suka ɗora wa kalmar, wadda ba sai na faɗa ba. Ka sa ta a takardar mata masu ciki, dariya za ka saya.

Ni zan ce "allurar jaddadawa". Ana jaddada magana, ana jaddada alkawari. An yi abu, an dawo an ƙara tabbatar da shi.

Wata ungozoma:

Malam, da girmanka, jaddadawa Hausar labaran rediyo ce. Shugabanni ne ke jaddada aniyarsu. Na yi shekara da shekaru ina magana da mata a ɗakin awo, ban taɓa jin wata ta ce ta jaddada wani abu ba. Mu dai abin da muke cewa shi ne "ki dawo a ƙara masa", ko "allurar ƙari". Sai dai ita ma tana da nata ciwon. Ƙari a wurin mutane gyara ne, abin da aka ɗora bayan an cika mudu. In ka samu, madalla, in ba ka samu ba, ba asara. Da bakina na ce wa wata uwa "saura ta ƙari", ta ce, "To Anti, ai ya samu na asalin." Ba ta dawo ba.

Mai tambaya:

Anti, wannan shi ne ainihin tsorona. Duk kalmar da za ta sa uwa ta ɗauka allurar nafila ce, ta kashe mana aiki.

"Allurar maimaici" fa? Ko "ta sabuntawa", kamar yadda ake sabunta lasisi?

Wani malamin Hausa:

Maimaici na wanda ya faɗi jarrabawa ne. Za a ɗauka ta farkon ce ba ta kama ba, a fara zargin ko lalatacciya aka yi wa yaro. Sabuntawa ta fi dama-dama, amma tana nuna tsohon ya mutu gaba ɗaya, an kawo sabo. Masana su faɗa mana, haka abin yake a jiki?

Wani ɗalibin likitanci:

A'a Malam, ba haka yake ba, kuma ina ganin amsar tana nan.

Ƙwayar da ke jawo cutar bakteriya ce, sunanta Bordetella pertussis. Wasu masana biyu, Jules Bordet da Octave Gengou, su suka fara ware ta a Beljiyam a 1906. Tana maƙalewa a kan wasu 'yan siraran gashi da ke share majina a hanyar numfashi, ta zuba musu dafi, su daina aiki. Majina ta taru, jiki ya rasa yadda zai fitar da ita sai da wannan mugun tari. Ko an kashe ƙwayar da magani, ɓarnar da ta yi tana daɗewa ba ta warke ba. Mutanen Sin "tarin kwana ɗari" suke kiransa.

Allura tana nuna wa garkuwar jiki kamannin ƙwayar, ko matacciyarta ko wasu sassanta, don ta gane ta. Jiki ya ƙera makaman yaƙarta, ya kuma ajiye wasu ƙwayoyin halitta waɗanda aikinsu riƙe kamannin nan. Da tafiya ta yi nisa makaman suna raguwa, amma ba a koma kamar ba a taɓa sani ba. Busta na zuwa sai jiki ya zabura, ya ƙera makamai da sauri, fiye ma da karon farko. Ba sabon karatu aka ɗora masa ba, tuna masa aka yi. Ko wanda ya taɓa yin cutar da kansa, kariyarsa tana dusashewa, ba irin ƙyanda ba ce da ake yi sau ɗaya a rabu.

Saboda haka ni "allurar tuni" nake gani. Muna cewa "a yi masa tuni". Ana yi wa mutum tuni ne a kan abin da ya sani, kuma abin da ke kansa. Masu Faransanci ma "rappel" suke cewa, ma'anarta ke nan, tunatarwa.

Wani malamin Hausa:

Ɗana, ka burge ni. Gajeriya ce, tana zama a baki, ba ta da wata mummunar inuwa. Ga shi tana ɗauke da nauyi, domin wanda ake bi bashi ake yi wa tuni. Abu ɗaya zan ja kunne: a rubuce, "tuni" na iya zama na "tuni ya tafi". Kada a raba ta da "allurar", kuma a farkon ambato a rubuta jimla guda da za ta warware ta. Na janye jaddadawa.

Wata ungozoma:

Na yarda da tuni ga yaro da babba. Ga mai ciki kam, ban gamsu ba, ku saurare ni.

Mai ciki ba don kanta ake yi mata ba. Jaririn da aka haifa yau ba zai samu allurarsa ta farko ba sai ya kai mako 6 ko 8, kuma guda ɗaya ba ta gama aiki. A wannan tsakanin ne cutar ta fi kisa. Abin da iyaye ba su sani ba, ɗan jariri sau da yawa ba ya ma yin tarin mai ƙara. Numfashi ne kawai zai ɗauke, leɓɓansa su yi shuɗi-shuɗi, ya yi laƙwas a hannu. Na taɓa riƙe irinsa, ɗan mako uku, uwar tana ta rantsuwa ko tari sau ɗaya bai yi ba. Ashe yayansa ne ke fama da "mura" kusan mako biyu. Haka take farawa, kamar mura, kuma a lokacin ta fi yaɗuwa.

In aka yi wa uwa allura tana da ciki, jikinta zai ƙera makaman nan da ɗalibin likitanci ya faɗa, su bi ta mabiyiya su shiga jinin ɗan. Ya fito duniya da abin kare kansa. Shi ya sa ake yinta a kowane ciki, ko an yi a na baya, domin kowane ɗa da nasa rabo. Ka ce wa mace "allurar tuni", za ta ce ai bara aka yi mata, ba ta manta ba.

Ni "guzuri" nake ce musu. Ɗanki zai yi tafiyar wata biyu kafin ya isa wurin allurarsa, ke za ki ɗaura masa guzuri. Ban taɓa faɗin haka mace ta kasa ganewa ba.

Wani ɗalibin likitanci:

Anti ta fi ni gaskiya a nan. Ingila ta fara yi wa masu ciki wannan allura a watan Oktoba na 2012, shekarar da cutar ta ɓarke ta kashe jarirai 14. Binciken da ya biyo baya ya nuna tana kare jarirai 'yan ƙasa da wata uku da wajen kashi 90 cikin ɗari. A can ana yinta tsakanin mako 16 da 32 na ciki, a Amurka tsakanin mako 27 da 36. Jikin uwa yana bukatar kamar mako biyu kafin makaman su taru, don haka guzurin da aka tashi haɗawa ranar naƙuda ya makara.

Mai tambaya:

Ashe kalma ɗaya na zo nema zan koma da biyu. Amma Malam, ba matsala Turanci ya yi amfani da ɗaya mu mu raba?

Wani malamin Hausa:

Wa ya ce sai mun bi sawunsu? Su da kalma guda suke kiran wa da ƙane, mu muka raba, ba wanda ya kai mu ƙara.

Wata ungozoma:

Ƙarin bayani kafin ka buga. A ƙasashe da yawa allurar da ake yi wa mai ciki a wurin awo ta sarƙewar haƙora ce da mashaƙo kawai, babu ta tarin shiƙa a ciki. Mai haɗe da ukun ita ce ake rubutawa Tdap. Kada mace ta karanta takardarka ta ɗauka duk allurar da aka yi mata a dantse ta gama mata komai. Ka sa ta tambaya. Inda babu ita, abin da ya rage shi ne kada a jinkirta allurar jariri ko da mako guda, kuma mai tari ko mura, ko kakarsa ce, ta haƙura da ɗaukarsa sai ta warke.

Mai tambaya:

Na gode, Anti. Ga yadda na gyara wurin:

"Kariyar da allura ke bayarwa tana raguwa da shekaru, shi ya sa ake sake yi wa yaro wata don a tuna wa jikinsa. Sunanta allurar tuni, kuma tana cikin lissafi, ba gyara ba ce. Ke kuma mai ciki, ki tambaya a wurin awo ko suna yin allurar guzuri ta tarin shiƙa, wadda za ta kare jaririnki kafin ya isa karɓar tasa."

Na sake karanta wa ƙanwar tawa. Ta ƙirga da yatsu, ta ce makonta 26, ta tambaye ni ko ranar awonta mai zuwa ba ta yi wuri ba.