Me ya sa layin fulorin yake matsawa maimakon ya rabu biyu?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai game da bincikena na digiri na biyu, wanda ya shafi yadda ƙwayoyin NaPFO, wato gishirin sodiyam na PFOA (wani asid mai ɗauke da fulorin), suke dunƙulewa a cikin ruwa su zama ƙananan dunƙulen da ake kira misel. Na haɗa samfura daga milimola 5 zuwa 200, sannan na auna siginar fulorin-19 a na'urar NMR mai megahaz 400, wadda take amfani da maganaɗisu ta nuna siginar sinadari a matsayin layuka. Na zaci da zarar misel ya fara samuwa zan ga layi biyu, ɗaya na ƙwayoyin da suke yawo su kaɗai, ɗaya na waɗanda suka dunƙule, amma layin CF3, wato rukunin fulorin da ke ƙarshen jelar ƙwayar, da ke kusa da −81 ppm a ma'aunin na'urar, guda ɗaya ne, sai dai yana matsawa duk lokacin da na ƙara yawan sinadarin. Shin daga wannan matsawar za a iya fitar da CMC, wato yawan sinadarin da misel yake fara samuwa idan an kai shi?

Malam Mai Na'ura:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani shi ne daidai. Kowace ƙwaya tana shiga misel tana fita cikin abin da bai wuce 'yan mikrosakan ba, alhali bambancin siginar wuraren biyu kusan ppm 2 ne, wanda a megahaz 376, inda fulorin yake amsawa a na'urarki, yake daidai da haz 750 ko kusa da haka. Tun da saurin musayar ya fi ƙarfin abin da na'urar za ta iya bambancewa, sai ta ba ki matsakaicin biyun, gwargwadon yawan kowane ɓangare.

Saboda haka ki zana jadawalin matsayin layin a kan 1/C, wato ɗaya a raba da yawan sinadarin. Ƙasa da CMC za ki samu layi a kwance, sama da shi kuma layi mai gangara, kuma mahaɗarsu ita ce CMC. Idan kika miƙa mai gangarar har inda 1/C ya zama sifili, kin samu siginar ƙwayar da ke cikin misel. Muller da Birkhahn na jami'ar Purdue sun yi amfani da wannan dabara tun a 1967.

Dakta Mai Sinadari:
Bayanin Malam ya gamsar, amma kada ki yi tsammanin kwana mai kaifi a mahaɗar, domin misel ɗin wannan sinadari ƙanana ne, sauyin yakan zo a hankali. Ki ƙara samfura tsakanin milimola 20 da 50. CMC ɗin da ya kamata ki samu yana wajen milimola 30, alhali na takwaransa mai haidirojin, sodiyam oktanowet, ya haura 300, saboda kowane rukunin CF2 mai fulorin yana ƙin ruwa kamar rukunin CH2 mai haidirojin ɗaya da rabi. Ki kuma lura da zafi: gishirin sodiyam yana yin misel daga wajen digiri 8, amma na fotasiyam sai an kai wajen 26. Ni dai na fi son a sa D2O, wato ruwa mai nauyi, da sinadarin ma'auni da ake gwada matsayin layin da shi a cikin siririn bututu na daban, don kada ma'aunin ya shige cikin misel ɗin shi ma ya matsa.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, malamaina. To, girman misel ɗin fa, wannan awon zai nuna shi?

Dakta Mai Sinadari:
Matsawar layi kaɗai ba za ta ba ki amsar da za ki dogara da ita ba. Ki nemi a yi miki awon saurin yaɗuwar ƙwayoyin da hanyar Stejskal da Tanner ta 1965, idan na'urarku tana da abin da ake buƙata, sai ki cire kason ƙwayoyin da suke su kaɗai kafin ki lissafa girman. Ragowar samfuran kuma ki tara su a kwalba ta musamman, kada su bi magudanar ruwa, domin tun 2019 PFOA da gishirinsa suke cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta nemi a kawar.