Wai me za mu kira DJ da Hausa?

Jama'a ku taya ni, kalmar Hausa nake nema ta DJ, na gaji da rubuta "dije" kamar harshenmu ya gaza.

Sunan dai daga gidajen rediyon Amurka ya fito, ma'anarsa mahayin faifai, kamar mai sukuwa bisa doki. Wannan bai zauna a kunne ba sam, mu bar shi.

Wani ya ce min "mai sa waƙa". Nan fa na ƙi, ai ko wayarka tana sa waƙa. Ku dubi abin da wani DJ mai suna Kool Herc ya yi a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, faifai biyu iri ɗaya ya ɗora saboda ya lura inda murya ta yi shiru ganga ta rage ita kaɗai nan mutane suka fi takawa, sai ya riƙa maimaita gurbin, in ya ƙare a wannan faifan ya koma wancan, rawa ba ta yankewa. Wani DJ kuma, Frankie Knuckles, a gidan rawa na Warehouse a Shikago tun 1977, masu rawa yake dubawa ya san inda zai sassauta da inda zai ɗaga, daga sunan gidan nan ma kiɗan house ya samo suna. Wannan ne za a ce masa mai sa waƙa? Haba.

A Jamaika mai zaɓe suke ce masa, to da Hausa sai a zata maganar ƙuri'a ce. "Magwami" ya ɗan burge ni, tunda gwama waƙa biyu a daidaita bugunsu har kunne ya kasa gane inda ɗaya ta ƙare babban aiki ne, amma rabin sana'ar kenan.

Ni dai "makaɗin faifai" na zaɓa. Makaɗi shi ne mai karanta fili, ya ga ƙafa ta yi sanyi ya canza kiɗa. In kun ce ai yanzu filasha da kwamfuta ake amfani da su, to har gobe muna cewa faifan bidiyo, wa ya ga faifan?

Kuma sunan zai raba mana abu biyu da kuɗi suka cakuɗa, abin da ke ci min rai kenan wallahi. A 2013 mujallar Forbes ta ƙiyasta shahararren DJ Calvin Harris ya samu dala miliyan 46 a shekara guda, ba na baƙin ciki da arzikin kowa, amma kasuwa in ta kai nan suna ake saya. A manyan bukukuwa sai ka tarar an jera waƙoƙin tun daga gida don su dace da fitilu da tartsatsin wuta, ko fili ya mutu ba halin canzawa. Deadmau5, ɗaya daga cikin manyan DJ ɗin, da kansa ya rubuta a 2012 cewa danna maɓalli kawai suke yi. Irin wannan aikin "mai kunna faifai" ya ishe shi.

Mace makaɗiyar faifai, jam'i makaɗan faifai. Saura jerin kiɗan da yake yi a dare guda, ni "zango" nake tunani, ku me kuka gani?