Don Allah a taimaka, semina ta tsaya min a wuya

Ɗalibar Botani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe, sufabaiza ya ba ni maudu'in homon ɗin feftayid, wato guntayen furotin masu kai saƙo a jikin shuka, da aikinsu a girman tsirrai. Ni tun farko cutar tumatir na so, tunda Babanmu noman rani yake yi, amma wata ta riga ni, ga shi ba ma ga maciji da ita tun aji biyu. Na kai masa abin da na rubuta, ya dawo min da shi duk jan biro, wai babu alƙibla. Sauran homon irin su oksin da jibarelin na gane su, waɗannan kuwa sunayensu kamar lambar mota. Ya zan yi?

Tsohon Ɗalibi: Ƙanwata, kin tara komai ne wuri ɗaya. Ɗauki CLAVATA3 kaɗai. Guntun furotin ne, amino asid (tubalan furotin) 12 ko 13, ƙwayoyin halittar da ke ƙolin tsiro ke fitar da shi. In ya manne da makarɓinsa CLAVATA1 sai ya danne wani furotin, WUSCHEL, wanda ke sa ƙwayoyin su ci gaba da yawaita. Shi kuma WUSCHEL shi ke tayar da CLAVATA3, kowa na riƙe da linzamin ɗan uwansa. In CLAVATA3 ya yi rauni, ƙolin ya kumbura. Manyan tumatir masu ɗakuna da yawa a ciki, wannan raunin na cikin dalilansu.

Malamar Sakandare: A'a, ki fara da sistemin. Shi aka fara ganowa, a 1991, a ɗakin binciken Clarence Ryan a Amurka, kuma a ganyen tumatir. Amino asid 18 ne, tsutsa na cin ganye shuka ta ɗaura ɗamarar kare kanta. Ke ma kin yi sa'a, namu sufabaizan ko karantawa bai yi ba, sai da ya ɓatar min da fayil.

Manomi: Ana sayar da sistemin ɗin a shagon maganin feshi? Bara wani ruwan "ƙara yabanya" ya ƙone min gona.

Tsohon Ɗalibi: Malama, sistemin na dangin tumatir ne, kuma batun kariya ne, ita girma aka tambaye ta. Abin da na faɗa shi ne.

Ɗalibar Botani: Na gode, amma Yaya ba zan iya zubar da babin CEP ba, feftayid ɗin da saiwa ke aikawa sama in naitirojin ya yi ƙaranci. Na sha wuya a kansa, kuma ai bai ce in rage ba.

Tsohon Ɗalibi: To me ya ce takamaimai? Yaushe ne seminar?

Manomi: Ni dai ba a ba ni amsa ba.