Idan tukunyar nukiliya ta narke, ina gubar take tafiya?

Malamin Jogurafi, Zariya

Assalamu alaikum. Ina koyar da jogurafi a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya, muna cikin darasin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce ya ji cewa idan tukunyar nukiliya ta narke, narkakken abin da ke cikinta yakan huda ƙasa ya yi ta nutsewa har sai ya ɓulla a ɗaya gefen duniya. Na ce masa hakan ba zai yiwu ba, amma da ya tambaye ni inda abin yake tsayawa, sai na ga ba ni da amsar da za ta gamsar da shi. Saboda haka nake roƙon masana su taimaka mini. Ina narkakken makamashin yake ƙarewa, kuma gonar da burbushin nukiliya ya sauka a kanta, shin ana sake nomanta? Yaran sun kuma san cewa akwai tukunyar nukiliya a Samaru, don haka ba na so in bar su cikin fargaba.

Injiniyan Lantarki

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibinka ya ɗauko tsohuwar barkwanci ce ta injiniyoyin Amurka, waɗanda suka riƙa cewa tukunya za ta narke ta nutse har ƙasar Sin. Babu inda hakan ya taɓa faruwa, amma akwai ƙanshin gaskiya a tushen maganar, domin tukunyar nukiliya ba ta hucewa don an kashe ta. Ko bayan an tsayar da aikinta, tokar da ta taru a cikin sandunan yuraniyom tana ci gaba da fitar da zafi da kanta, kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na cikakken ƙarfin tukunyar a daƙiƙun farko, sannan ya sauko zuwa wajen kashi 1 bayan 'yan sa'o'i. Kashi 1 na babbar tukunya ya isa ya ƙafar da ruwan da ke sanyaya ta idan famfuna suka tsaya. Da zarar sandunan sun fito fili, ƙarfen zakoniyom da aka lulluɓe su da shi yakan haɗu da tururi ya haifar da iskar haidirojin mai fashewa, daga nan shi kansa makamashin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 2,800, ya zuba kamar dalma.

Inda yake tsayawa kuwa, mun gani sau uku. A Three Mile Island ta Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, kusan rabin cikin tukunyar ya narke, amma ya taru a gindin tukunyar ƙarfen bai huda ta ba. A Chanobil ta Yukiren, wadda a lokacin take cikin Tarayyar Sobiyet, bayan fashewar 26 ga Afrilu 1986, narkakken ya haɗe da yashi da kankare, ya bi bututu ya gangara ɗakunan ƙasa, ya daskare ya zama wani baƙin curi mai kama da gilashi, wanda aka gano a ƙarshen shekarar aka sa masa suna Ƙafar Giwa. Hukumomin Tarayyar Sobiyet sun ji tsoron zai ci daɓen ginin ya kai ga ruwan ƙasa, har suka kawo mahaƙa kwal kimanin 400 suka haƙa rami a ƙarƙashin tukunyar don a sa na'urar sanyaya ta, amma abin ya huce tun kafin a bukace ta. A Fukushima ta Japan, inda tukwane uku suka narke bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris 2011, kimanin tan 880 na wannan tarkace yana nan cikin gine-ginen, kuma sai a Nuwamba 2024 aka iya zaƙulo ɗan ɓarɓashi da bai kai giram ɗaya ba. Dalilin tsayawarsa mai sauƙi ne, domin duk abin da ya narkar a hanya yana gauraya da shi, ya tsarma shi, ya baje shi, har zafinsa ya kasa ci gaba da cin kankare.

Ta Samaru kuma, ka kwantar wa yara da hankali. Ƙaramar tukunyar bincike ce ƙirar Sin, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kimanin kilowat 30. Ta Chanobil ta ninka ta sau dubu ɗari. Zuciyarta ba ta kai bokitin wanka girma ba, tana nitse cikin ruwan da ya isa ya shanye zafinta ba tare da famfo ba.

Malama, Kimiyyar Ƙasar Noma

Injiniya ya amsa rabin farko da kyau. Ni a ganina rabin na biyu ne ya fi cancantar lokacin aji, domin abin da ya wahalar da mutane ba wanda ya nutse ƙasa ba ne, wanda ya tashi sama ne. Gobarar Chanobil ta yi kwana goma tana ci, iska ta kwashi hayaƙin, kuma duk inda ruwan sama ya tarar da shi, nan ya sauke shi. Shi ya sa gurɓatar ba ta yi da'ira ba, ta yi dabbare-dabbare, wani ƙauye ya tsira, na gaba da shi ya lalace, kuma Belarus ta sha fiye da kowa duk da cewa tashar tana Yukiren.

Kowane sinadari mai guba a cikin wannan hayaƙi da halinsa. Aidin-131 ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 8, saboda haka cikin wata uku ya zama tarihi, amma a waɗannan makonnin ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara, ya taru a maƙogwaronsu, a wurin nan da yake kumbura idan mutum ya kamu da maƙoƙo. Kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙidaya sama da mutum 6,000 da suka kamu da kansar wannan wuri zuwa 2005, cikin waɗanda suke yara a lokacin haɗarin. Da an hana shan madarar yankin tun a makon farko, da an kauce wa mafi yawan wannan. Siziyom-137 kuma sai ya shekara 30 kafin ya ragu da rabi, sitironshiyom-90 wajen shekara 29, kuma su ne matsalar manomi.

A nan irin ƙasa take shigowa. Tsiro ba ya bambanta siziyom da fotashiyom, wato harafin K ɗin da ke jikin buhun takin NPK, kamar yadda jikin mutum yake ɗaukar sitironshiyom a matsayin sinadarin gina ƙashi. Akwai nau'in laka da ke kama siziyom ta riƙe shi gam a tsakanin ɓawonta, har saiwa ta kasa zuƙarsa. A irin wannan ƙasa gubar takan zauna a 'yan santimitocin sama shekara da shekaru, abin da ya sa Japan ta zaɓi kankare kimanin santimita 5 na saman gonaki da filayen makarantu, ta ɗura a manyan baƙaƙen buhuna. Ƙasar da aka tara ta kai wajen kubik mita miliyan 14, tana ajiye a garuruwan Okuma da Futaba, kuma doka ta ce a fitar da ita daga jihar Fukushima zuwa Maris 2045. Amma a ƙasa mai yashi ko mai ruɓaɓɓen ganye da tsami, babu abin da ke riƙe shi, sai ya yi ta zagaye tsakanin ƙasa da ciyawa da dabba. Tsaunukan Wales a Birtaniya suna da nisan fiye da kilomita 2,000 daga Chanobil, amma sai a 2012 aka ɗage dokar gwada tumakinsu kafin a kai su kasuwa.

Don haka amsar ita ce ana sake noma, amma da sharaɗi. Ana yin huɗa mai zurfi don a binne saman ƙasar, a zuba farar ƙasa, a cika gonar da takin fotash domin tsiro ya ƙoshi ya ƙyale siziyom, sannan a gwada amfanin gona. A Fukushima an shekara da shekaru ana gwada kowane buhun shinkafa ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake so ɗalibai su lura da shi shi ne cewa jigawarmu, mai yashi da ƙarancin fotash, tana cikin rukunin ƙasar da ba ta riƙe wannan sinadari, kuma lakar da ta fi yawa a jan gargarinmu ba irin mai kama shi da ƙarfi ba ce. Duk lissafin da aka yi da ƙasar Turai sai an sake shi kafin a ɗora a kan gonar gero.

Ɗan Agadas

Malamai, a yi mini afuwa in ƙara abu ɗaya. Mu a nan ba mu da tukunyar da za ta narke, amma yuraniyom ɗin daga ƙasarmu Nijar yake fita. An fara haƙarsa a Arlit tun 1971, ramin Akuta kuma ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi a Maris 2021, ya bar tarin dusar dutse kimanin tan miliyan 20. Idan an tace yuraniyom, sauran sinadaran da ke tare da shi a cikin dutse suna nan cikin wannan dusa, suna fitar da iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ƙarfin tiririn gubarta bai kama ƙafar abin da Injiniya ya bayyana ba, ban ce ya kama ba. Amma tambayar iri ɗaya ce da ta Malama, wato ina iska za ta kai ƙurar, kuma me zai tsiyaya zuwa ruwan ƙarƙashin hamada, wanda tsohon ruwa ne da damina ba ta sabunta shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ina ganin idan Malam zai koyar da wannan darasi, bai kamata yara su tashi da tunanin cewa sai Turai da Japan ba.

Masanin Duwatsu, Jos

Maganar ɗan'uwa daga Agadas ta kawo mu kan ruwa, wanda shi ne ainihin darasin da Malam yake koyarwa. Wurin da aka gina tashar Fukushima asalinsa gaɓa ce mai tsayin mita 35, aka sare ta zuwa mita 10 don a zauna kan dutse mai ƙarfi kuma a rage kuɗin janyo ruwan teku. Igiyar da ta zo ta kai wajen mita 14. Tashar Onagawa, wadda ta fi kusa da cibiyar girgizar amma aka ɗora ta a tudu mafi tsawo, ta tsira. Saran gaɓar ya kuma sa gindin gine-ginen ya zauna a kan hanyar ruwan ƙasa da ke gangarowa daga tsaunuka zuwa teku, har ya zama kusan tan 400 na ruwa mai tsabta yana shiga ɗakunan ƙasa kullum yana gauraya da gurɓataccen. Don tare shi aka daskarar da ƙasar da ke kewaye, aka yi katangar ƙanƙara mai tsawon kilomita ɗaya da rabi da zurfin mita 30. Ruwan da aka tace ya cika tankuna sama da 1,000, kuma daga 24 ga Agusta 2023 aka fara tsarma shi ana saki a teku, saboda tiritiyom, wani nau'in haidirojin mai guba da ya rage a ciki, ɓangare ne na ruwan kansa, matata ba ta raba su.

Malam, idan kana son misalin da zai kama hankalin yara, ka kai su Oklo a ƙasar Gabon. A 1972 masana a Faransa suka lura cewa yuraniyom ɗin da aka haƙo daga can ya yi ƙarancin nau'in da ke kunna tukunyar nukiliya, bincike kuma ya nuna cewa kusan shekara biliyan biyu da suka wuce jijiyoyin dutsen sun kunna kansu kamar tukunyar nukiliya. Ruwan ƙasa yana shiga sai aiki ya tashi, zafi ya ƙafar da ruwan sai ya mutu, ruwa ya dawo ya sake tashi, haka har dubban ɗaruruwan shekaru. Fulutoniyom, wani sinadari mai guba da aikin ya samar, bai yi nisa da inda aka haife shi ba, domin laka ta kewaye wurin, amma siziyom da sitironshiyom, masu saurin bin ruwa, da yawansu sun yi gaba.

Malamin Jogurafi, Zariya

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Ranar Litinin zan shiga aji da gwangwani biyu masu huji a gindi, ɗaya cike da yashin jigawa, ɗaya da lakar fadama, in zuba musu ruwan shuni, yara su ga wanda ya riƙe da wanda ya saki. Malama, idan shuni bai dace da wannan gwaji ba, don Allah ki faɗa mini abin da zan sa a madadinsa kafin ranar.