Gajiyar da Hutu Ba Ya Kawarwa: Abin da Masu Fama da Ita a Zariya Suka Gani

Malamar firamare, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na yi wani zazzaɓi a ƙarshen damina, na sha maganin maleriya ya sauka, amma har yau ƙarfina bai dawo ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wahalar ba ta zuwa a lokacin da nake aikin. Idan na yi wanki ranar Asabar, ko na shiga cikin gari gidan biki, lafiya lau nake kwana, sai Lahadi da yamma ko safiyar Litinin jikina ya mutu murus, maƙogwaro ya yi zafi, kai ya yi nauyi, in kwashe kwana uku ina sallah a zaune. A aji kuwa, akwai ranar da na ɗaga alli zan rubuta kalmar da na shekara goma ina koyarwa, ta ɓace mini ƙaf, yara suna kallona. An auna jinina sau da dama ba a ga komai ba, sai likita na huɗu da na gani ne ya ambaci wani ciwo da ake kira ME/CFS, wato ciwon gajiya mai ɗorewa. Ina roƙon duk wanda ya san irin wannan hali a jikinsa ko a gidansa ya faɗi abin da ya gani.

Tela, Sabon Gari:

Wa'alaikumus salam. Malama, Allah Ya ba ki lafiya. Maiɗakina ce ke fama da irin wannan tun bayan da ta yi korona a 2021, kuma zan faɗi laifina a gaban jama'a: kusan shekara guda na ɗauka son jiki ne. Mace ce da ke dafa wa mutum goma sha biyu abinci ba ta ce uffan ba, sai ga shi tuƙa tuwo ya gagare ta. 'Yan uwa wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, aka saya mata maganin ƙarin jini a kemis har kwalaben suka cika taga. Ranar da na gane kuskurena ita ce ranar da na shigo na tarar tana tsefe wa ƙaramar 'yarmu kai, ta yi layi biyu ta sauke hannu tana haki, hawaye na zuba ba ta ce komai ba. Tun daga ranar ban sake cewa ta daure ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Samaru:

Ina yi muku fatan sauƙi, amma ku ba ni dama in ja hankali kan abu ɗaya, domin a bakin aikina nake ganin masu irin wannan koke kusan kowane mako. Har yanzu babu wani gwajin jini da ke tabbatar da wannan ciwo, saboda haka wajibi ne a fara kawar da abubuwan da suka fi yawa a wurinmu: ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon hanta, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, matsalar maƙoƙo da kuma ciwon damuwa. Duk waɗannan suna da magani ko hanyar kulawa, kuma asara ce babba mutum ya laƙaba wa kansa sunan ciwon da ya karanta a waya alhali nasa mai warkuwa ne. A ɗaya ɓangaren kuma, na ga mutanen da aka yi ta ɗura wa maganin taifot sau biyar a shekara bisa sakamakon gwajin da ba shi da tabbas, don kawai ba a son a sallame su hannu wofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ciwo cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa tun 1969. Ƙa'idar da wani kwamitin masana na Amurka ya fitar a 2015 ta ce sai an ga raguwar ƙarfi sosai na fiye da wata shida, da barcin da ba ya wartsakarwa, da taɓarɓarewar jiki bayan an yi aiki, sannan a haɗa da rikicewar tunani ko kasa jure tsayuwa. Abin da Malama ta bayyana na mutuwar jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan wanki, shi ne babbar alamar da likitoci ke nema.

Ɗalibar digiri na biyu, Kongo:

Ni ma ina ciki, shekara biyu ke nan da na jingine karatuna. Shawarar farko da aka ba ni ita ce in riƙa tafiya a ƙasa kullum ina ƙara nisa a hankali. Na bi ta da gaskiya har mako uku, daga nan na kwanta wata biyu ko wanka sai an taimaka mini. Da na ɗan farfaɗo na shiga neman asalin wannan shawara, sai na tarar ta samu ƙarfi ne daga wani babban bincike da aka yi a Birtaniya mai suna PACE, wanda aka wallafa a 2011 kan mutum 641, aka ce ƙara motsa jiki mataki-mataki yana taimakawa. Marasa lafiyar da kansu ne suka yi ta fafutuka har aka ba da umarnin sakin bayanan binciken a 2016, kuma da aka sake lissafi bisa ma'aunin da masu binciken suka tsara tun farko, adadin waɗanda aka ce sun warke ya faɗi ƙasa warwas. A watan Oktoba na 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye wannan shawara, amma labarin janyewar bai iso wurare da yawa ba, shi ya sa ake ci gaba da ba mu ita da kyakkyawar niyya.

Batun kuɗin bincike shi ya fi ci mini rai. Rahoton kwamitin masanan nan na 2015 ya ƙiyasta cewa masu ciwon a Amurka kaɗai sun kai tsakanin 836,000 da miliyan 2.5, amma a wancan lokaci abin da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatinsu ke kashewa a kansa bai wuce dala miliyan 5 zuwa 6 a shekara ba, kafin daga baya ya tashi zuwa wajen miliyan 15. Da korona ta bar ɗimbin mutane da alamomi irin namu, a watan Disamba na 2020 majalisar dokokinsu ta ware dala biliyan 1.15 don binciken larurar da ke biyo bayanta. Ba na baƙin ciki da wannan kuɗi ko kaɗan, domin da yawa daga cikin masu doguwar korona sun cika sharuɗɗan ME/CFS, kuma abin da aka gano a kansu zai amfane mu. Abin da ke damuna shi ne shekarun da aka ɓata ana musun ciwon, alhali tun 1955 ya kwantar da ma'aikata kusan 300 a wani asibiti a Landan. Labari mai daɗi guda shi ne na Jami'ar Edinbara, inda a 2025 binciken DecodeME ya duba ƙwayoyin gado na fiye da mutum 15,000 masu ciwon, ya gano wurare takwas da suka bambanta da na sauran jama'a, wasunsu masu alaƙa da garkuwar jiki da jijiyoyi. Sai dai mutanen Birtaniya aka auna. A Najeriya, bincike ɗaya na iya samu, na 2007, wanda ya nuna kimanin mutum bakwai cikin dubu suna da ciwon. A gari irin Zariya mai jami'a da asibitin koyarwa, ina ganin ko rajistar masu irin wannan koke aka fara buɗewa, an ɗauki hanya.

Hajiya, Ƙofar Doka:

'Yata, Allah Ya saka miki da alheri da wannan bayani. Ni nawa ya haɗu da ciwon jiki ko'ina, wanda likita ya kira faibromayaljiya, ga kuma jiri da bugun zuciya da zarar na miƙe tsaye, har na daina bin sahun tarawihi a tsaye. An gaya mini waɗannan larurori sukan zo tare. Abin da ya rage mini wahala shi ne na koyi tsayawa tun kafin in gaji: ina yanka albasa a zaune, na ajiye kujera a banɗaki, kuma idan na je gaisuwar rasuwa ba na sa wa kaina komai washegari. Mutane suna cewa na rage zumunci, ina jin zafin maganar, amma na gwammace haka da in kwanta mako guda.

Malamar firamare, Tudun Wada:

Na gode muku ƙwarai. Malam, an duba mini duk abubuwan da ka lissafa ban da na maƙoƙo, zan je a yi shi cikin makon nan in Allah Ya yarda. Hajiya, azumi yana matsowa, kuma bara da ƙyar na kai goma. Don Allah yaya kika yi da naki, kuma kin tambayi likita ne tukuna ko malamai?