Wai na'urar kwantum ta gama da kodin banki: yadda aka kwashe a grup ɗin tsofaffin 'yan lise

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wallahi. Jiya da dare a fada na ba su labarin Willow, na'urar kwantum ta Google da aka nuna a Disamba 2024, na ce ƙasa da minti 5 ta yi lissafin da babbar kwamfutar duniya za ta kwashe shekaru 1 mai zero 25 a bayansa ba ta gama ba, kuma na ce daga yau kodin banki da sirrin waya sun tashi aiki, sai wani yaro da ko brebe bai samu ba ya ce in rage shan shayin farko. Har mai tsire sai da ya yi dariya. Sirrinta kubit ne, wato ƙwayar bayanin da take lissafi da ita, shi zero ne kuma ɗaya ne lokaci guda. Ku da kuka yi karatu ku fito ku wanke ni.

Mai gyaran waya: Lokaci guda kamar ya? Shekara 9 ina buɗe cikin waya a kasuwar Dole, ko wuta ta bi ko ba ta bi ba, ban taɓa ganin na uku ba

Malam na Garin Malam: Ɗan Birni ka janye kalmar nan. Tun farkon karatun mantiƙi aka koya mana kishiyoyi biyu ba su haɗuwa a abu guda a lokaci guda. Mutum yana ɗaki kuma ba ya ɗaki? Haba.

Ɗan Birni: Allah gafarta malam ba ni na ƙaga ba, haka turawa suka rubuta

Malam na Garin Malam: Su turawan wahayi ake musu?

Mushen fizik: Ku dakata. "Lokaci guda" ɗin nan gajerce zance ne na 'yan jarida. Kubit kafin a auna shi yana cikin wani hali nasa na daban, ana rubuta halin da lambobi biyu, ɗaya nauyin zero ɗaya nauyin ɗaya. Da ka auna, ko zero ko ɗaya za ka gani, ba wanda ya taɓa ganin biyun tare, kuma awon ya rushe wancan halin ke nan. Inda abin yake da daɗi shi ne lambobin nan suna iya ƙaruwa da juna, suna iya kashe juna, kamar ka jefa duwatsu biyu a tabki ka ga inda igiyoyin suka haɗu wani wuri ruwa ya tashi wani wuri ya kwanta lumui. Aikin mai tsara lissafin shi ne ya sa amsoshin banza su kashe juna, ta kirki ta yi saura. Masu cewa tana gwada duk amsoshi ta zaɓo mai kyau, da haka ne da tuni an huta.

Mai gyaran waya: Wato kamar in murza dala ashirin a kan tire tana juyi

Mushen fizik: Da shi nake fara ma yara, amma ya gaza. Kuɗin in ka ɗauke shi hoto za ka ga inda ya karkata, kubit ba haka ba ne.

Malam na Garin Malam: Alhamdu lillahi, mushe ya tabbatar da maganata.

Ɗan Birni: Ina ya tabbatar?? Cewa ya yi hali na daban! Ni ya goya ma baya

Hajiya ta Zango: 'Ya'yana ni ba lokaci guda ya dame ni ba. Kullum ina aika kuɗin kaya Agadas da Maradi ta waya, in kwashe kuɗina ko in bari?

Ɗan Sabon Gari: Ku daina mana Google Google. A 2019 ma haka suka yi da na'urarsu Sycamore mai kubit 53, suka ce sakan 200 a maimakon shekara 10,000, IBM ta fito ta ce kwana biyu da rabi ya ishi babbar kwamfuta. Talla ce. Masu aiki shiru Sinawa ne, tun 2016 suka harba tauraron ɗan adam Micius na aika makullin sirri ta kwantum, 2020 suka fito da na'urar Jiuzhang mai aiki da haske. Wa ya gina mana matatar mai?

Ɗan Karkada: Matata kuma mi ya kawo ta cikin kubit. In tushe ake nema, Alan Aspe na Faransa ya karɓi Nobel 2022 shi da wasu biyu a kan gwajin ƙwayoyin haske masu ɗaure da juna

Ɗan Sabon Gari: Ka fara ke nan. Kai ko zancen kilishi ake sai ka jawo Faransa

Ɗan Karkada: Kai kuma nawa Sinawa ke biyanka a wata?

Ɗan Sabon Gari: Wayar da kake zagina da ita duba bayanta ka ga inda aka ƙera ta

Ɗalibar jami'a: Inna Hajiya ki bar kuɗinki inda suke, tunda ba wanda ya amsa miki. Tsoron ya samo asali daga Pita Shor, a 1994 ya nuna a takarda cewa na'urar kwantum babba za ta iya warware ƙatuwar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta, kuma wahalar wannan aiki ita ce ƙarfin makullin RSA da ake kulle sirrin intanet da shi. To amma a aikace? 2001 masu binciken IBM da kubit 7 suka gano 15 ita ce 3 sau 5. Makullin RSA 2048 lamba ce mai tsawon alƙaluma 617, ƙiyasin masana kubit dubban ɗaruruwa zuwa miliyoyi ake buƙata, Willow 105 gare ta. Lissafin minti 5 ɗin da yaya Ɗan Birni ya faɗa gaskiya ne Google ta sanar da shi, sai dai gwaji ne na fitar da lambobi barkatai da aka zaɓa don yana wahalar da kwamfutar yau, ba ya buɗe ko akwatin gidan waya. Abin yabo a Willow shi ne da suka ƙara yawan kubit masu tsaron juna kuskure ya ragu maimakon ya ƙaru. Kuma sai an sanyaya ta kusan digiri 273 ƙasa da zero, ɗan zafi kaɗan ya watsa lissafin. Masu tsaro ba barci suke ba, manhajar aika saƙo ta Signal ta ƙara sabon makulli mai jure ma kwantum a 2023, hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sabbin ƙa'idoji a Agusta 2024, saboda wani na iya tara saƙonni a kulle yau ya jira ranar da na'urar za ta girma. Ke dai Inna wanda ya kira ya ce kin ci kyauta ki turo kodi, shi za ki ji tsoro.

Mai gyaran waya: 273 ƙasa da zero 😂 a Damagaram watan Afrilu ko ƙanƙarar sayarwa ba ta kai la'asar in kuran ya ɗauke

Ɗan Birni: Kun ji dai ta ce minti 5 ɗina gaskiya ne

Mai gyaran waya: Gaskiyar da nake jira jika biyun gilashin wayarka ce tun kafin azumi

Ɗan Birni: Wannan a fada za mu yi ta ba a grup ba, kuma gilashin ma ya ɗago ta kusurwa

Malam na Garin Malam: Har yanzu bai janye "lokaci guda" ba.

Admin: To ya isa haka, mesaj ya yi yawa. Abin da aka cimma: malam ya yi gaskiya kuma mushe ya gaskata shi, babu wani lokaci guda. Na biyu an yarda Sinawa ne a gaba, Google surutu ne. Ɗan Karkada a kiyaye harshe. Ƙanwarmu ta jami'a mun gode amma rubutun ya yi tsawo, nan gaba ki yi vokal.

Mushen fizik: Ni ban ce haka ba fa

Ɗan Karkada: Wa ya yarda? Admin ai kowa ya san ƙanenka a matata yake aiki

Hajiya ta Zango: 'Yata turo min lambarki ta gefe, ɗazu wani ya kira ni wai na ci babur