Don Allah a taimaka: ana ta jefa ni cikin guruf-guruf a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da turaren wuta a Kano, kuma kusan duk cinikina ta WhatsApp ne, don haka lambata a fili take. Matsalar ita ce kullum sai na tarar an saka ni a guruf ɗin da ban san kowa ba, wani na "zuba dubu 5 ki karɓi dubu 50", wani na adashen bogi, wani ma abin da ake turawa ba ya faɗuwa.

Na shiga saitin sirri na mayar da shi sai wanda na ajiye lambarsa ne zai iya saka ni. Baƙi yanzu sai dai su turo gayyata, wadda ke mutuwa bayan kwana 3. To amma fa kwastoma ba ya ganin hajar da na ɗora a status sai na ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye tawa. Kun ga ke nan duk wanda ya taɓa taya atamfa ya samu ƙofa. Cire su ɗaya bayan ɗaya daga jerin masu iya saka ni kuwa aiki ne ja.

Abin da ya fi tsorata ni, daga irin waɗannan guruf ɗin ake kira ana cewa in karanto lambobi 6 na shiga WhatsApp ɗina da aka turo min. Ban bayar ba, na kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin matakin tsaro a WhatsApp.

Shin akwai hanyar da zan hana kowa da kowa saka ni, ba tare da na goge kwastomomi ba? Ko WhatsApp Business da sabon layi ne kawai mafita? Masu sana'a irin tawa, yaya kuke yi?